Shin Ko Kun San? Hans Clevers, Masanin da Ya Shuka Hanji a Faranti

Duk wanda ya taɓa tsugunawa wankin kayan cikin ragon layya ya riƙe maganarmu ta yau a hannunsa. In aka tsage ƙaramin hanji aka ɗauraye shi, cikinsa laushi gare shi kamar karammiski. Wannan shimfiɗa ce Farfesa Hans Clevers na ƙasar Holan ya shafe fiye da shekara 20 yana tono, har ya gano cewa ƙwayoyin da ke sabunta hanji kullum, a jikinsu ne kansar hanji take tsira. Ga yadda labarin ya faro, da inda ya kai.

Shin ko kun san cewa fatar cikin hanjinku ba ta cika mako guda? Cikin kwana 4 zuwa 5 take ƙarewa, wata ta maye gurbinta. Wadda ta karɓi tuwon Juma'ar da ta wuce ba ita za ta karɓi na wannan Juma'ar ba. Babu wani sashe na jiki da ke sabunta kansa da sauri haka. Dalili kuwa, kaurinta bai wuce ƙwayar halitta ɗaya ba, ga abinci yana gogarta, ga ruwan matsarmama, ga ƙwayoyin cuta bila adadin.

Shin ko kun san cewa laushin nan na cikin ƙaramin hanji 'yan yatsu ne miliyoyi, kowanne tsawonsa wajen milimita 1 ne? Su ke tsotse amfanin abinci. A gindinsu akwai 'yan ramuka kamar rijiyoyi, waɗanda Bajamushe Johann Lieberkühn ya bayyana a 1745, har yau kuma da sunansa ake kiransu. Babban hanji ba shi da yatsun, rijiyoyin kawai gare shi.

Shin ko kun san cewa tsofaffin littattafai sun zuzuta faɗin hanji? Da cewa ake in an baje shi zai rufe filin wasan tanis. A 2014 wasu masana biyu a Gothenburg ta ƙasar Suwidin suka sake awo, suka samu murabba'in mita 32 ne: ɗaki biyu ke nan masu mita 4 tsawo, mita 4 faɗi.

Shin ko kun san cewa ƙwayoyin fatar hanji tafiya suke yi? A ƙasan rijiya ake haihuwarsu. Na bayansu suna turo su, su hau bangon rijiyar, su hau yatsa suna aikinsu, in sun kai tsini su mutu su faɗo, su bi bayan gida. To in kowa tafiya yake yi, dole akwai wadda ke zaune a ƙasa tana haihuwa. Ita ce uwar ƙwayoyi: ba ta barin gida, tana haifar irinta, tana kuma haifar duk sauran.

Shin ko kun san cewa an ga wannan uwa tun 1974 amma aka rasa shaida? Hazel Cheng da Charles Leblond na Jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada sun hango wasu siraran ƙwayoyi a matse a can ƙasan rijiya, suka ce su ne. Ba su da hanyar tabbatarwa. Akasarin masana sai suka bi ra'ayin Christopher Potten na Manchester, wanda ya ce uwar tana ɗan sama, wajen ƙwaya ta huɗu daga ƙasa. Shekara 33 aka yi maganar tana rataye.

Shin ko kun san cewa wanda ya raba gardamar ba masanin hanji ba ne tun asali? An haifi Hans Clevers a birnin Eindhoven ranar 27 ga Maris, 1957. Ya shiga Jami'ar Utrecht a 1975, ya haɗa karatun ilimin halittu da na likita, har ya yi wani ɓangare na karatun a Nairobi ta Kenya. Ya zama likita a 1984, ya sami digirin digirgir a 1985. Daga 1986 zuwa 1989 yana cibiyar Dana-Farber a Boston ta Amurka. Abin da ya sa gaba duk tsawon lokacin shi ne garkuwar jiki, wato fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta.

Shin ko kun san cewa ya yi shekara biyar riƙe da kwaɗo bai san makullinsa ba? A 1991, shekarar da ya zama farfesa a Utrecht, shi da ɗalibinsa Marc van de Wetering suka gano wata ƙwayar gado a fararen ƙwayoyin jini, suka sa mata suna TCF1. Alamu sun nuna aikinta kunna wasu ƙwayoyin gado ne, amma ita kanta ta ƙi kunnuwa. Sai a 1996, da gwaji a kan ƙwan wani kwaɗon Afirka, suka gano sai wani sinadari mai suna beta-katenin ya zo ya manne mata take aiki. Shi kuwa wannan sinadari ɗan aike ne na wani saƙo da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna, mai suna Wnt.

Shin ko kun san daga ina sunan Wnt ya fito? Haɗin gambiza ne. Masu binciken ƙudan 'ya'yan itace suna da wata ƙwayar gado da in ta lalace ƙuda ke fitowa ba fiffike. Roel Nusse da Harold Varmus kuma a 1982 sun gano wata a kansar nonon ɓeraye. Da aka gane abu ɗaya ne, sai aka gutsuro sunayen biyu aka haɗa.

Shin ko kun san cewa kansar babban hanji yawanci tsinkewar birki ce? Tun 1991 aka san wata ƙwayar gado mai suna APC, wadda ake samunta a lalace a kusan 8 cikin 10 na masu wannan kansa, amma ba a san me lalacewarta ke jawowa ba. A 1997 ɗakin binciken Clevers ya haɗa kai da Bert Vogelstein da Kenneth Kinzler na Jami'ar Johns Hopkins a Baltimore, suka nuna aikin APC shi ne share beta-katenin kada ya taru. In ta lalace sai ya taru, ya manne wa TCF ya ƙi saki, umarnin "ku hayayyafa" ya yi ta tafiya ba tsayawa, kamar mota a gangare ba birki.

Shin ko kun san cewa wasu jariran ɓeraye da suka mutu ne suka juya rayuwar Clevers? A 1998 aka samar da ɓerayen da aka cire musu wata 'yar'uwar TCF1 mai suna TCF4. Jim kaɗan bayan haihuwa suka mutu. Da aka duba ƙaramin hanjinsu, wuraren da ya kamata a tarar da ƙwayoyi suna ta rarrabuwa wayam suke. Lissafi ya fito: saƙon nan in ya yanke babu hanji, in ya yi yawa kansa. A 2002 Clevers ya bar kujerarsa ta ilimin garkuwar jiki ya koma shugabancin Cibiyar Hubrecht a Utrecht, ya tattara hankalinsa a kan hanji.

Shin ko kun san cewa da fenti aka kama uwar ƙwayoyin hanji? Cikin jerin ƙwayoyin gadon da saƙon Wnt ke kunnawa, Nick Barker, ɗan Birtaniya da ke aiki tare da Clevers, ya lura da wata mai suna Lgr5 wadda a hanji ba ta aiki ko'ina sai a 'yan ƙwayoyi ƙalilan na ƙasan rijiya. Suka samar da ɓera wanda duk ƙwayar da ke ɗauke da wannan alama take haskawa kore, da wani sinadari da aka samo daga wata halittar teku. Suka ƙara dabara ta biyu: in aka yi wa ɓeran allurar wani magani, ƙwayar sai ta sami tambarin da ke fita shuɗi in an rina, kuma duk abin da ta haifa zai gaji tambarin. Kwana ɗaya bayan allura, ɗigon shuɗi ɗaya ne a ƙasan rijiya. Bayan kwana biyar ya zama zare, ya miƙe daga ƙasa har tsinin yatsa. Bayan wata biyu zaren yana nan, alhali an sauya fatar hanjin fiye da sau goma. A cikin zaren kuma akwai kowane irin ƙwaya da fatar hanji ke da shi. Gani ya kori ji. Kuma siraran ƙwayoyin nan ne dai na Cheng da Leblond.

Shin ko kun san cewa Leblond bai ga ranar ba? Ya rasu a Afrilun 2007 yana da shekara 97. Mujallar Nature ta buga sakamakon a Oktoban shekarar.

Shin ko kun san cewa uwar ƙwayoyin hanji ba ta hutu? Da an ɗauka irin waɗannan ƙwayoyi barci suke yi, sai jifa-jifa su farka su rabu, don kada su tsufa. Ta hanjin ɓera kusan kullum take rabuwa biyu, tun daga haihuwa har mutuwa. Kowace rijiya tana da kamar 14. A 2010 aka yi ɓera mai launi huɗu, ja da rawaya da kore da shuɗi, kowace uwa da nata. Da farko rijiyar ta yi dabbare-dabbare, amma cikin 'yan watanni kowace ta koma launi ɗaya. Ashe iyayen ture juna suke yi a wuri mai ƙunci, har zuriyar ɗaya ta cinye gidan, kuma ba ƙarfi ke ba da nasara ba, sa'a ce kawai.

Shin ko kun san cewa wurin da ɓarnar ta faɗa ya fi ɓarnar kanta muhimmanci? A binciken da aka buga a 2009, tare da masana daga Glasgow da Cardiff, an lalata APC a wuri biyu. Da aka lalata ta a 'ya'yan da suka riga suka kama hanyar hawa, ɗan tsiron da ya fito bai je ko'ina ba. Da aka lalata ta a jikin uwa mai alamar Lgr5, cikin mako 3 zuwa 5 manyan tsiro sun fito a hanjin ɓeran. Mai tafiya zai tafi da aibinsa, mai zama ita ke gadar da shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Shin ko kun san cewa ƙwaya ɗaya tak tana iya gina hanji a faranti? Tun binciken Leonard Hayflick na 1961 aka yarda cewa lafiyayyun ƙwayoyin ɗan Adam ba sa wuce rabuwa kamar 50 a wajen jiki. Mai ci gaba ba iyaka sai ƙwayar kansa. Wani likitan ciki daga Jami'ar Keio ta Japan, Toshiro Sato, ya zo ɗakin binciken Clevers ya gwada. Ya ɗauki uwar ƙwaya guda daga hanjin ɓera, ya nutsar da ita a ɗigon wani abu mai kauri kamar kamu, ya zuba mata sinadarai uku masu sa girma, irin waɗanda take samu a gidanta. Tsammaninsu su tarar da tulin ƙwayoyi iri ɗaya. Abin da suka gani a madubin bincike ya wuce haka: 'yar ƙwallo mai rami a ciki, ta yi tsiro ta ko'ina, kowane tsiro rijiya ce da iyayenta a ƙasa, matattun ƙwayoyi kuma suna zubewa a ramin tsakiya kamar yadda suke yi a ciki. Ba wanda ya tsara musu. Da kansu kowace ta san mazauninta. Girman abin da ƙyar ya kai ƙwayar acca, amma an yi fiye da wata 8 ana rarraba shi yana ci gaba. An buga wannan a 2009. Oganoyid ake kiransa, wato ɗan kwaikwayon gaɓa, kuma a 2011 aka yi na hanjin mutum.

Shin ko kun san cewa uwar ma tana da mai raino? Ƙwayoyin da take matse a tsakaninsu sunansu ƙwayoyin Paneth, daga Joseph Paneth na Vienna da ya bayyana su a 1888. An san su da fitar da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta. A 2011 Sato da Clevers suka nuna suna kuma ciyar da uwar da saƙonnin da take rayuwa da su. Abin sha'awa, ita ce ta haife su.

Shin ko kun san cewa an taɓa ƙera kansa da gangan, mataki-mataki? Tun 1990 Eric Fearon da Vogelstein suka ce kansar hanji ba dare ɗaya take faruwa ba, lalacewa ce ke bin lalacewa. A 2015 ɗakin Clevers, da na Sato da ya koma Tokyo, kowanne ya ɗauki lafiyayyen oganoyid na mutum ya yi amfani da almakashin ƙwayoyin gado da ake kira CRISPR. A Utrecht huɗu aka taɓa: APC, TP53, KRAS da SMAD4. Da lalacewar ta taru, ƙwayoyin suka daina buƙatar sinadaran da ake ba su. Sun zama masu cin gashin kansu. Da aka dasa masu lalacewa huɗun a jikin ɓera, suka zama kansa mai kutsawa cikin nama.

Shin ko kun san cewa ana iya gwada magani a kan kansar mutum ba a jikinsa ba? A 2015 ɗin dai aka shuka oganoyid daga kansar marasa lafiya 20, aka gwada magunguna 83 a kansu. Kowace kansa da irin wanda ke kama ta. Har yanzu wannan hanya a matakin bincike take ga masu kansa, amma ga wata cutar gado ta huhu da hanji da ta fi yawa a Turawa, mai sa majina ta yi kauri, ta riga ta yi rana a Holan. Jeffrey Beekman na Utrecht ya nuna a 2013 cewa oganoyid na mai lafiya yana kumbura in an ɗiga masa wani sinadari, na mai cutar ba ya yi. In magani ya sa na mara lafiya ya kumbura, alama ce mai ƙarfi zai yi masa aiki.

Shin ko kun san cewa wata ƙwayar cuta tana barin sawunta a kansar hanji? Wani nau'in E. koli da kusan mutum 1 cikin 5 masu lafiya ke ɗauke da shi yana fitar da guba mai suna kolibaktin. Ɗaliban Clevers sun yi wata 5 suna ɗura shi cikin oganoyid, suka ga irin tabon da yake yi wa ƙwayoyin gado, sannan suka tarar da tabon a kansar wasu marasa lafiya. An buga wannan a 2020.

Shin ko kun san cewa har dafin maciji an samar a faranti? A farkon 2020 wasu ɗalibansa uku suka shuka oganoyid daga jakar dafin macizai iri 9, kuma ya fitar da dafi na gaske. Sai da suka rage zafin akwatin renon daga digiri 37 zuwa 32, don maciji ba zafin jikinmu gare shi ba. Har yau maganin sara daga dafin da aka tatsa a bakin maciji mai rai ake fara shi, a yi wa doki ko tunkiya allurarsa a ɗebi garkuwar jininsu. Wanda ya san yadda kububuwa ke cika asibitin Kaltungo da manoma ya san amfanin duk wata hanya da za ta sauƙaƙa wannan aiki. A 2020 ɗin ne kuma masu binciken ɗakin Clevers suka nuna korona tana kama ƙwayoyin hanji, a 2021 suka shuka jakar hawaye, wadda in an tsokane ta take kumbura da hawayenta.

Shin ko kun san irin kujerun da Clevers ya hau? Ya shugabanci Majalisar Masana Kimiyya da Fasaha ta Masarautar Holan daga 2012 zuwa 2015. A 2013 yana cikin mutum 11 na farko da suka karɓi kyautar Breakthrough ta dala miliyan 3 kowannensu. Daga 2015 zuwa 2019 ya jagoranci bincike a Cibiyar Gimbiya Máxima ta kansar yara. A Maris 2022 ya koma Basel ta Suwizalan ya karɓi shugabancin sashen binciken magunguna na kamfanin Roche.

Shin ko kun san cewa kansar babban hanji da dubura ita ce ta uku a yawa a duniya, ta biyu a kisa? Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna sabbin kamu fiye da miliyan 1.9, da mutuwar fiye da 900,000. Ba ta tsofaffi kaɗai ba ce: ita ta kashe jarumin fim Chadwick Boseman a Agustan 2020 yana da shekara 43. A 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45.

Shin ko kun san cewa mako biyu na sauyin abinci yana nunawa a rijiyoyin hanji? Likita Denis Burkitt, da ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura cutar ba ta da yawa a ƙauyukan Afirka, ya danganta hakan da abinci mai dusa da ganye. A wani gwaji da aka buga a 2015, Baƙaƙen Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20 suka yi musayar irin abincinsu na kwana 14. A hanjin waɗanda suka koma cin masara da wake, kumburi da saurin rarrabuwar ƙwayoyi suka ragu. A na waɗanda suka koma cin maiƙo da nama suka ƙaru. A shekarar ce kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke jawo wannan kansa: giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin 100. Gero da dawa da ba a surfe su fes ba, da wake da kuka da zogale, suna cikin irin abincin da ya ci riba a wancan gwaji.

Shin ko kun san cewa ba kowane jini a bayan gida ne basir ba? Daga ranar da birki ya tsinke a jikin uwar ƙwaya guda zuwa ranar da tsiron zai zama kansa, yawanci shekara 10 ne ko fiye, kuma a mafi yawan wannan lokaci ba ya ciwo. Likita yana iya zura siririn bututu mai kyamara ta dubura, ya ga tsiron, ya tsinke shi nan take tun bai rikiɗe ba. Jini a bayan gida, ko sauyin fitarsa da ya ɗauki makonni, ko rama ba dalili, ko ƙarancin jini, ko samun mai cutar a dangi na kusa, duk dalilai ne na ganin likita. Sau da yawa basir ɗin ne. Amma mai tallar maganin basir da lasifika a tasha bai taɓa leƙa rijiyar hanjin kowa ba, kuma a can ƙasanta abin yake farawa.